Hagu ko dama: wa ya fi zubar da jini?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗo, wato tarzomar masu tsattsauran ra'ayin siyasa da ake yawan ji a labaran ƙasashen waje. Teburin tarihi da harkokin tsaro na mujallar nan ne ya amsa su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou. Kullum rediyo na maganar masu tsattsauran ra'ayin riƙau da masu tsattsauran ra'ayin gurguzu. A fadarmu gardama ta ƙi ƙarewa, wasu na cewa duk kanwar ja ce. Da gaske babu bambanci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Akwai bambanci, kuma babba. Masu ra'ayin gurguzu su ake kira ƴan hagu, masu ra'ayin riƙau kuma ƴan dama. Rabon hagu da dama daga majalisar Faransa ta 1789 ya samo asali, inda magoya bayan sarki suka zauna hannun daman shugaban majalisa, masu son sauyi suka zauna hagu. Galibin ƴan hagu da ƴan dama a duniya mutanen ƙuri'a ne, ba sa taɓa kowa. Waɗanda muke magana a kansu su ne na can bakin iyaka, da suka yanke ƙauna daga akwatin zaɓe suka ɗauki makami.

In kana son gane su, tambayi wa suke kira maƙiyi. Ɗan hagu mai tsanani kujerar mutum yake dubawa: mai masana'anta, alƙali, ɗan sanda, minista, mai manyan gonaki. A ganinsa dukiya ce ta raba mutane, gwamnati kuwa mai gadin masu ita ce. Ɗan dama mai tsanani haihuwar mutum yake dubawa: launin fatarsa, ƙabilarsa, addininsa, ƙasar da iyayensa suka fito. A ganinsa mutane ba daraja ɗaya gare su ba, ƙasa kuma ta ƴan asali ce kaɗai. Wannan shi ke tsara wanda za a kashe, shi kuma ke tsara yawan gawa.

Italiya ta ɗanɗani duka biyun cikin shekara uku. Ranar 16 ga Maris 1978, wajen ƙarfe tara na safe, tsohon firaminista Aldo Moro ya fito daga gidansa a birnin Rum. Ƙungiyar ƴan gurguzu ta Brigate Rosse, wato Jajayen Dakaru, ta daɗe tana bibiyar hanyarsa. Akwai wani mai sayar da furanni da kullum ke tsayar da motarsa a kusurwar titin, sai suka bi dare suka huda masa tayoyi don kada ya zo ya tare musu wuri. Masu harbin suka sa kayan ma'aikatan jirgin sama. Mota ta sha gaban ayarin, suka buɗe wuta, suka kashe masu tsaronsa biyar, suka tafi da shi da ransa. Kwana 55 ya yi a hannunsu suna neman a saki ƴan'uwansu daga kurkuku, gwamnati ta ƙi, ranar 9 ga Mayu aka tsinci gawarsa a bayan wata jar mota ƙirar Renault 4. Mutum ɗaya suke nema, da sunansa, saboda kujerarsa.

Ranar Asabar 2 ga Agusta 1980 kuwa, ƙarfe 10:25 na safe, tashar jirgin ƙasa ta Bologna na cike da masu tafiya hutu, wani akwati da aka ajiye a ɗakin jira na fasinjojin aji na biyu ya tashi. Mutum 85 suka mutu, sama da 200 suka ji rauni, ƙaramar cikinsu yarinya ce ƴar shekara uku. Kotu ta kama ƴan ƙungiyar NAR, ƴan dama masu bin tafarkin Musolini, tsohon mai mulkin kama-karya na Italiya, da laifin. Ba su san sunan ko ɗaya daga cikin matattun ba. Abin da ake nema da irin wannan hari shi ne tsoro ya game ƙasa har jama'a su roƙi mulkin ƙarfi da bakinsu.

Amma kada ka ɗauki wannan a matsayin doka. Ƙa'ida ce ta ƙananan ƙungiyoyin birni. Da zarar ƴan hagu sun riƙe yanki, talakan da ya ƙi bin su ya zama maci amana a wurinsu. A watan Afrilun 1983 ƙungiyar Sendero Luminoso ta Peru ta shiga yankin Lucanamarca ta karkashe manoma 69 da adda da gatari, har da ƙananan yara, waɗanda suka ce dominsu suke yaƙi. Ƴan dama su ma kan zaɓi mutum guda: a haka aka harbe Chris Hani, jagoran jam'iyyar gurguzu ta ƙasarsa, a ƙofar gidansa a Afirka ta Kudu ranar 10 ga Afrilu 1993.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, lissafi na sani. Ku ba ni a ƙidaya, wane ɓangare ya fi kisa?

Amsa: Alhaji, ka san in mutum biyu suka auna hatsi da tiya daban-daban, kowa zai rantse a kan adadinsa kuma ba wanda ya yi ƙarya. Haka alƙaluman nan suke. Kafin ka karɓi kowane jadawali, bincika abin da aka auna da shi.

Fara da shekaru da wuri. In maganar ƙasashen Yamma ake daga 1990 zuwa yau, ba sai an yi kwana-kwana ba: ƴan dama sun fi kisa nesa ba kusa ba. Oklahoma a Amurka, 1995, mutum 168, cikinsu yara 19. Norwe, 22 ga Yuli 2011, mutum 77, galibinsu matasa a sansanin jam'iyya. Masallatai biyu na Christchurch a Niyu Zilan, ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, masallata 51. El Paso 23, wurin ibadar Yahudawa na Pittsburgh 11, Buffalo 10, duk a Amurka, Hanau a Jamus 9, masallacin Kebek a Kanada 6. A waɗannan shekaru ƴan hagu na Turai, musamman a Italiya da Girka da Sifen, sun fi ƙona motoci da bankuna da turakun sadarwa, kisa ya yi ƙaranci. Wani bincike da masana suka fitar a 2022, cikinsu har da na Jami'ar Maryland, ya iske harin ƴan hagu bai kai na ƴan dama jawo asarar rai ba. Wannan ba ya nufin hannunsu tsarkakakke ne: a 2017 wani mai ra'ayin hagu ya buɗe wuta kan ƴan majalisar Amurka na jam'iyyar Republican suna atisayen wasa, ya ji wa ɗayansu, Steve Scalise, mummunan rauni.

Koma shekarun 1970 da 1980, sai hoton ya juya. Ƙungiyar RAF ta ƴan hagun Jamus ta kashe sama da mutum 30 kafin ta rushe kanta a 1998. Takwararta ta Faransa, Action Directe, ta harbe Georges Besse, shugaban kamfanin Renault, a birnin Faris a 1986. Fita daga Turai kuwa, adadin ya ninka. Hukumar gaskiya ta Peru ta ƙiyasta a 2003 cewa mutum kusan 69,000 suka mutu a yaƙin ƙasar, ta ɗora wa Sendero kashi 54 cikin 100 na mace-macen da aka kai mata rahotonsu. A Indiya, ƴan tawaye masu bin aƙidar Mao sun kashe jami'an tsaro 76 a kwanton ɓauna ɗaya a Dantewada a 2010. A Kolombiya aikin ya rabu: ƴan tawayen hagu irin su FARC suka fi sace mutane, sojojin sa-kai na dama suka fi kisan kiyashi a ƙauyuka.

Sai abin da aka fi ɓoyewa, wato ko an ƙidaya gwamnatoci. Babban rumbun bayanan ta'addanci na Jami'ar Maryland, wanda ya fara daga 1970, ba ya sa kisan da gwamnati ta yi da hannunta. Alhali can ne gawa take. Ƴan Nazi sun hallaka Yahudawa miliyan 6. A Tarayyar Sobiyet an harbe kusan mutum 680,000 a 1937 da 1938 kaɗai. Gwamnatin Khmer Rouge ta ƴan gurguzun Kambodiya ta ci rayuka tsakanin miliyan 1.5 da miliyan 2 daga 1975 zuwa 1979. A Indonesiya an kashe kimanin 500,000 a 1965 da 1966 da sunan farautar ƴan gurguzu. Habasha ta ga Jan Ta'addancin gwamnatin gurguzu ta Mengistu, Ajantina ta ga sojojin mulkin ƴan dama da ke jefa fursunoni cikin teku daga jirgin sama. Duk wanda ya kawo maka jerin ɓangare ɗaya ya yi shiru a kan ɗayan, siyasa yake sayar maka.

Ka kuma duba ko hare-hare aka ƙidaya ko rayuka. Wanda ya ƙona motoci 50 ba kowa ciki ya fi wanda ya shiga masallaci sau ɗaya yawan hari a takarda. Ka duba wa ya yanke hukuncin cewa maharin na hagu ne ko na dama. Matashin da ya harbi Donald Trump a Yulin 2024 yana da rajista da jam'iyyar Republican, ya kuma taɓa ba wata ƙungiyar masu son sauyi gudummawar dala 15. Kowane ɓangare sai ya tura wa ɗayan shi.

Tambaya: Malamar makaranta ce ni a Mirya. Me ya sa aka iya murƙushe ƙungiyoyin da, amma na yanzu sai sun yi ɓarna ake jin labarinsu?

Amsa: Malama, ginin ne ya bambanta. Brigate Rosse ƙungiya ce mai matakala: ƙananan rukunai na mutum kaɗan, rukunai su haɗu su zama runduna a kowane babban birni kamar Milan da Turin da Jenowa da Rum, sama kuma shugabanni. Akwai ƴan cikakken lokaci masu zaman ɓoye da takardun jabu, akwai masu ci gaba da aikinsu na masana'anta suna kawo rahoto. Irin wannan gini na cin kuɗi. Dole a biya hayar gidajen ɓuya, a ciyar da mutanen da ba sa aiki, a sayi makamai, a sato motoci a sauya musu lamba. Kuɗin daga fashin banki da garkuwa da attajirai yake fitowa, kowane fashi kuwa sawu ne ga ƴan sanda. Babban raunin shi ne mutum ɗaya ya san da yawa. Da aka kama ɗaya daga cikin jagororinta, Patrizio Peci, a 1980 ya buɗe baki, gommai suka shiga hannu. A 1982 aka yi dokar rage hukunci ga duk wanda ya tuba ya ba da bayani, sai aka yi ta rige-rigen magana.

Kafin nan ma sun riga sun yanke igiyar da ke riƙe da su. A Janairun 1979 suka kashe Guido Rossa a Jenowa, ma'aikacin masana'antar ƙarfe, ɗan ƙwadago kuma ɗan jam'iyyar gurguzu, saboda ya kai ƙarar wani mai raba takardunsu. Ma'aikata dubun-dubata suka raka gawarsa. Daga ranar, masu rufa musu asiri a masana'antu suka ragu.

Maharin dama na wannan zamani sau da yawa shi kaɗai ne a ɗakinsa. Ba shi da shugaban da za a saurari wayarsa, ba ya buƙatar fashi, bindigarsa ma sau da yawa da lasisi ya saya. Abin da ya maye masa gurbin ƙungiya shi ne intanet. Maharin Christchurch ya ambaci na Norwe a takardarsa, ya watsa kisan kai tsaye a Facebook na kusan minti 17, kamfanin ya ce ya cire kwafi miliyan 1.5 cikin awa 24 na farko. Na El Paso da na Buffalo suka ambace shi a nasu takardun. Abin da ya haɗa su shi ne ƙaryar nan cewa akwai wani shiri na ɓoye na maye gurbin farar fata da baƙi da Musulmi.

Akwai kuma laifin hukuma, kuma ya kamata a faɗe shi. A Jamus, ƙungiyar NSU ta ƴan Nazi uku ta kashe mutum 10 tsakanin 2000 da 2007: takwas ƴan asalin Turkiyya, Bagirke ɗaya, da ƴar sanda ɗaya. Shekara da shekaru ƴan sanda suna tuhumar iyalan mamatan da harkar ƙwaya da bashi, sai a Nuwamban 2011 asiri ya tonu bayan wani fashin banki da ya ci tura. A Niyu Zilan kwamitin bincike ya iske a 2020 cewa hukumomin leƙen asiri sun tattara kusan duk hankalinsu a kan barazanar masu iƙirarin jihadi. Idan mai bincike ya riga ya zana fuskar mai laifi a zuciyarsa, wanda bai yi kama da ita ba zai wuce ta gabansa.

Tambaya: Dattijo ne ni daga Zango. Mahaifina ɗan Sawaba ne. Jikana ya ce a littafi Sawaba ƴan tsattsauran hagu ne. Ashe ƴan ta'adda muka haifa?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tarihin ya fi ƙarfin wannan kalma. Sawaba jam'iyyar hagu ce, ba shakka, ta ƴan ƙwadago da direbobi da ƙananan ƴan kasuwa da talakawan birni, Damagaram kuma na cikin manyan cibiyoyinta. Amma da ƙuri'a ta fara. Jagoranta Djibo Bakary shi ne zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko, ya jagoranci gwamnati a 1957, ya kira a kaɗa "a'a" a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, aka ture shi, aka haramta jam'iyyar a 1959. Bayan an rufe ƙofar ne wasu suka tafi horo a Gana da Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa, suka shigo da makamai a ƙarshen 1964. Yunƙurin ya faɗi cikin makonni, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso.

Akwai abin da ba za mu wanke ba. A watan Afrilun 1965 aka jefa wa Shugaba Diori Hamani gurneti a filin idin Babbar Sallah a Yamai. Ya tsira, wani ƙaramin yaro ya rasu. Jefa gurneti cikin sahun masallata laifi ne ko wane irin zalunci aka yi wa mai jefawar. Amma riƙe katin jam'iyya da halartar taronta ba su mayar da mahaifinku mai wannan laifi ba.

Tambaya: To Boko Haram fa, hagu ne ko dama? Daga wani ɗan kabu-kabu a Sabon Gari.

Amsa: Ko ɗaya, ɗan'uwa. Masu bincike rukuni na uku suke ba su. Sun yi kama da ƴan dama wajen raba mutane tsarkakakku da najasa, suna kuma aron harshen ƴan hagu wajen zagin masu mulki da masu kuɗi don jan matasa. Galibin waɗanda suka kashe Musulmi ne, mutanen Difa da Boso shaida ne tun Fabrairun 2015.

Abin da ya fi kama da tsattsauran dama a nahiyarmu shi ne siyasar ɗan asali da baƙo: Ruwanda a 1994, inda aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100 rediyo na zuga, da farautar baƙin haure a Afirka ta Kudu a Mayun 2008 da ta ci rai 62. Mu ma kada mu ɗauke kai daga namu. Ranar 16 ga Janairu 2015 a nan Damagaram, fushin zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta yi ya ƙare da ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka yi asarar rayuka. Fushin yana da dalili, amma maƙwabtanmu Kirista ba su suka yi zanen ba. An hukunta su ne saboda abin da suke, ba abin da suka aikata ba.

Tambaya: Ni uwa ce daga Kara-Kara. Ɗana mai shekara 17 da abokansa sun zana alamar Hitler a bangon fadarsu, kullum kuma kansa na cikin waya. Hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuriya. A garin nan wasu ƴan pale, wato gungun samarin unguwa masu nuna ƙarfi, kan ɗauki irin wannan suna da alama don a ji tsoronsu, ba don sun karanta aƙidar ba. Fara da gaya masa gaskiyar mai alamar. A 1937 gwamnatin Hitler ta yi wa ɗaruruwan yaran da iyayensu maza ƴan Afirka ne tiyatar hana haihuwa ta dole. A Mayu da Yunin 1940 sojojinsa sun riƙa ware baƙaƙen sojojin Faransa daga fararen bayan sun miƙa wuya su harbe su, masana na ƙiyasta tsakanin 1,500 da 3,000, ƴan Afirka ta Yamma irinsa. Mai alamar da yake zanawa bai ɗauke shi cikakken mutum ba.

Yawan zagin gwamnati, ko tsananta ibada, ko gardama mai zafi, ba su ne alamun haɗari ba. Ki sa ido kan waɗannan: ya yanke da tsoffin abokai gaba ɗaya, ya fara kiran wata ƙabila ko wani addini da sunan ƙwari ko dabbobi, yana yabon wani makashi da sunansa, yana tara bidiyon kisa, yana da layin waya na biyu da yake ɓoyewa, kuɗi ko sabon babur da ba ki san tushensu ba, ko wani babba da ba ɗan unguwa ba yana yawan nemansa a keɓe. Ɗaya kaɗai ba ta isa hujja ba, haɗuwar uku ko huɗu cikin ƴan watanni ita ce abin dubawa.

Kurakuran da iyaye suka fi yi biyu ne. Na farko duka da kora, alhali mai jan yaro kullum ce masa yake gidanku ba sa son ka, sai ki tabbatar masa da maganar. Na biyu rufa-rufa saboda kunyar unguwa, har lokaci ya ƙure. Ƙwace waya ma ba ya magani, zai ari ta abokinsa, ke kuma kin daina ganin abin da yake kallo. Ki zaunar da shi ki ce ya nuna miki, ki tambaye shi wa ya turo, ki saurara har ya gama. Ki sa kawunsa ko malamin da yake jin nauyinsa ya riƙa zama da shi duk mako, ba sau ɗaya ba. Ki nema masa abin da zai cinye masa yini, gareji ko ɗinki ko walda, domin shirye-shiryen fitar da matasa daga irin wannan hanya, daga EXIT ta Jamus da aka kafa a 2000 har cibiyar tubabbun Boko Haram ta Gudumariya, dukkansu da sana'a da sababbin abokai suke haɗa wa'azinsu.

In kuwa kika ga makami, ko kika ji ya ambaci sunan wani mutum ko wani wuri da rana, nan maganar gida ta ƙare. A ranar ki ɗauki kawunsa ku je wurin mai unguwa, daga can ku wuce ofishin ƴan sanda ko jandarma tare, ku faɗi abin da kuka gani da wanda yake turo masa saƙonnin.